Alhaji, Sauke Famfon Feshin Nan Mu Yi Magana

A kudu maso yammacin Faransa akwai manoman da, in watan Maris ya zo ƙarshe, sai su bi bishiyoyin lambunsu ɗaya bayan ɗaya suna ɗaura wa rassan sama wasu 'yan igiyoyin roba, kimanin 500 a kowace hekta. Ba laya ba ce, ba kuma kambu ba. Wani ƙamshi ne a cikin robar, wanda hancin ɗan Adam ba ya ma jin sa. In sun gama sai su ce sun sha gaban tsutsa na watanni, feshin da suka saba yi mata zai ragu, wata shekarar ma a tsallake shi ɗungurungum.

To Alhaji, na ga ka gyara zaman hula. Kai Bakano ne, ni Bazazzage, tun zamanin kakanni ba a taɓa jin mun yarda da juna ko a kan farashin goro ba, don haka ban sa ran yau za ka fara ba. Cewa za ka yi Bature ya ƙoshi ne har ya koma shafa wa itace turare. Riƙe dariyarka tukuna. Akwai inda za ta yi maka rana a gaba, ni da kaina zan nuna maka wurin.

Ɗan itacen da ake wa wannan hidima sunansa fulam. Ba ya yi a ƙasar Hausa, don sai ya sha sanyin hunturu mai ratsa ƙashi yake yin huda. Ƙwallo guda ne a tsakiyarsa, fatarsa shunayya, namansa rawaya mai zaƙi. Cibiyar nomansa a Faransa ita ce Lot-et-Garonne, kewayen garuruwan Agen da Villeneuve-sur-Lot, irin da suke dasawa kuma ana ce masa Ente. Daga tsakiyar Agusta zuwa Satumba inji ke kama gindin bishiya ya jijjiga, 'ya'yan su zubo a kan shimfiɗa, a wanke, a kai tanda su wuni su kwana suna bushewa. Kilo 3 da 'yan kai na ɗanye ke ba da kilo 1 na busasshe. Tun 2002 Tarayyar Turai ta yi wa sunan busasshen fulam na Agen rajista, ba mai liƙa sunan a kwalinsa sai wanda ya noma a yankin. Kada kuma ka raina shi: duk Turai an san shi da sakin ciki. Da masu maganin basir na tashar mota sun sami labarinsa, da tuni lasifika ta ɗauka.

Babban abokin gabar wannan itace wani ɗan faɗa-wuta ne mai ruwan toka, in ya baje fikafikai bai wuce santimita 1 da rabi ba. Masana na kiransa Grapholita funebrana. Yana cinye hunturu yana tsutsa, a naɗe cikin saƙarsa ƙarƙashin ɓawon bishiya ko a ƙasa. A Afrilu ya fito da fikafikai. Macen ba ta yawon rana. Sai almuru, in iska ta yi ɗumi, take bin 'ya'yan fulam tana ajiye ƙwai ɗai-ɗai, wannan guda, wancan guda. Bayan mako ɗaya zuwa biyu, gwargwadon zafin gari, tsutsa ta ƙyanƙyashe, ba ta tsaya gaisuwa ba sai ta huda fata ta shige. Daga waje abin da za ka gani ɗigon ƙaro ne a bakin hudar. A ciki kuwa tana cin nama tana kashi a kewayen ƙwallo, tana girma tana yin ja-ja. Ɗan itacen ya nuna ba lokacinsa ba, ya faɗo. A kudancin Faransa sau 2 zuwa 3 ake wannan zagaye kafin a gama girbi.

Yanzu dubi inda famfonka yake da rauni. Yawancin magungunan feshi sai sun taɓa ƙwan, ko jaririyar tsutsar kafin ta shige, sannan su yi aiki. In ta riga ta shiga, ko da durom guda ka yi wa bishiyar wanka, tana ciki tana kalaci. Ke nan mai feshin kalanda, wanda ya rantse duk kwana 15 sai ya fesa ko da ƙwaro ko babu, wani feshin nasa ya yi sammako ƙwai bai zo ba, wani ya makara tsutsa ta shige, ɗaya ko biyu ne suka dace. Kuɗin sauran sadaka ce ga mai shagon magani, kuma ba na jin akwai lada.

To ina ƙamshin nan ya samo asali? A shekarun 1870 wani malamin makaranta Bafaranshe mai bin diddigin ƙwari, Jean-Henri Fabre, ya kife macen wani ƙaton faɗa-wuta da ragar waya a ɗakin aikinsa. Da dare ya yi sai ga maza wajen 40 sun cika masa gida. Ya sake mata wuri, suka bi ta. Ya ɓoye ta, suka gano. Sai da ya rufe ta a cikin abin da iska ba ta fita sannan suka rasa inda take. An daɗe ana zargin wari take saki, amma ba wanda ya kama shi a hannu sai 1959, lokacin da wani Bajamushe, Adolf Butenandt, bayan fama na wajen shekara 20, ya tatsi matan faɗa-wutar siliki kimanin 500,000 ya sami abin da bai kai nauyin ƙwayar shinkafa guda ba. A shekarar aka raɗa wa irin wannan sinadari suna feromon. Ka ga aikin da Bakano ba zai taɓa yi ba: shekara 20 babu cinikin sisi. Amma daga nan aka bi ƙwari iri-iri ana gano ƙamshin kiran kowanne, aka iya haɗa shi a masana'anta, aka ɗura a roba yana fita kaɗan-kaɗan har kaka.

Yadda yake aiki kuwa, ɗauka saurayi ne ya ci ado zai je zance unguwar da bai sani ba, cikin duhu, abin da kawai ya riƙe shi ne ƙamshin humrar budurwar. Ya iso ya tarar an bi kowane zaure da kowane lungu da kowace katanga an yayyafa humrar nan. Ya yi sallama nan, shiru. Ya yi can, bango. Haka zai yi ta bulayi har asuba, ita kuma tana kan tabarma tana jira har barci ya sace ta. Ba a kashe kowa ba, aure ne bai ɗauru ba, ƙwan da macen ta saka kuma ba ya ƙyanƙyashewa. Ko sun haɗu daga baya an makara, ƙwan ya ragu. Ƙamshin bai shafi kowa ba sai wannan faɗa-wuta da wasu 'yan uwansa na kusa. Ƙudan zuma na harkarsa a cikin fure, kuma babu abin da ya saura a jikin ɗan itacen da za a ci.

Na ji ka. “Nawa ne?” Ai na san nan za ka dosa. Ba arha, ba zan yi maka daɗin baki ba. Robar da kuɗinta, ɗaura 500 a hekta da hannu kuma aikin lebura ne, leburan Faransa kuwa ba da kwanon tuwo ake sallamarsa ba. Sannan ga sharuɗɗa. Dole a ɗaura kafin faɗa-wutar farko ta tashi, don ba a fafe gora ranar tafiya. Dole lambun ya zama mai faɗi, hektoci a haɗe, in ƙarami ne iska ce za ta kwashe ƙamshin ta kai wa maƙwabci. A gefe-gefe sai an ƙara yawan robar. In ƙwaron ya riga ya yi yawa, namiji ba ya bukatar hanci, karo zai yi da mace a kan reshe. Mafi ciwo, in maƙwabcinka bai yi ba, macen da aka riga aka sadu da ita a lambunsa ta tsallako naka ta zuba ƙwai, ba ruwanta da turarenka. Shi ya sa abin ya fi kamawa inda manoman yanki suka haɗa kai suka yi tare.

Akwai ma wani abin ban dariya. Manomi yakan san tashin ƙwaron ne da ɗan tarko mai danƙo da aka sa wa ƙamshin mace, kowane mako ya leƙa ya ƙirga mazan da suka maƙale. Da an cika lambu da ƙamshi, tarkon ma sai ya ɓace wa mazan, ya daina kamu. To tarko fayau ba shi ne lambu lafiya ba. Sai manomi ya shiga da ƙafarsa, ya juya 'ya'yan itace ɗaruruwa yana neman ƙwai da ɗigon ƙaro, ya rubuta abin da ya gani. In ɓarna ta haura abin da zai iya ɗauka, ya ɗaura wa tarakta injin feshi ya fesa, a kan lokaci, da maganin da ya dace. Duk wanda ya ce maka rage feshi hutu ne, bai taɓa yi ba. Aikin famfo aka rage aka ɗora wa ido da ƙafa.

Wannan “abin da zai iya ɗauka” shi ne gindin maganar duka, kuma abin mamaki, Alhaji, naka ne. A 1959 ɗin nan dai, masana huɗu na Jami'ar Kalifoniya, Stern da Smith da van den Bosch da Hagen, suka fito da ƙa'idar cewa ganin ƙwaro ba dalilin feshi ba ne. Dalili shi ne in asarar da zai jawo za ta fi kuɗin magani da ladan fesawa. In tsutsa za ta ci maka na naira dubu 5, ka zuba dubu 20 don ka halaka ta, wa ya ci wani? A Kantin Kwari ko yaron shago ba zai yi wannan ciniki ba. Amma da an shiga gona, sai mutumin da ke ja-in-ja kan naira 50 ya ga ƙwaro guda a ganye ya ce a kawo lita 2.

Ga Malam mai shagon magani can yana ɗaga hannu, wai rigakafi ya fi magani, a fesa a huta. Allah ya ja zamanin mai shago, ai mun san wanda ke hutawa. Malam, tun 1914 wani masani a jihar Washinton ta Amurka, A. L. Melander, ya lura da wani ƙwaro mai ɓawo da ke maƙale wa rassan itatuwa, har da na fulam, yana tsotse su: ruwan farar wuta da ke kashe shi a da ya daina. Wannan ne karo na farko da aka rubuta cewa ƙwaro ya saba da magani. Ba wani sihiri a ciki. Ka fesa, masu rauni su mutu, 'yan taurin kan su saura su hayayyafa, jikokinsu su gaji taurin. Ka ƙara awo, ka ƙara tace su. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu kuma, da aka yi ambaliyar DDT a lambunan Turai da Amurka, wani mitsitsin jan gizo-gizo mai shan ganye, wanda a da ba a cika damuwa da shi ba, ya zama annoba. Maganin ya bar shi, ya share masu cin sa. Aka koma sayen magani na biyu don gyara ɓarnar na farko. Na ga kana murmushi, Malam. Ai dole.

Ko da manomin Agen yana son ya ci gaba da tsohon yayi, kantar mai shago ta can kullum raguwa take yi. Faransa ta hana magungunan dangin neonikotinoyid daga Satumban 2018 saboda ƙudan zuma, Tarayyar Turai kuma ta janye izinin kilofirifos a 2020. Ke nan wani ɓangare na rage feshin ba tsoron Allah ba ne, tsoron hukuma ne.

Baba kuwa bai ce uffan ba sai da ya gama tauna goronsa, sannan ya ce shi maganin da ba ya wari, ba ya sa hawaye, bai yarda da shi ba. Baba, Allah ya ƙara girma, to me za ku ce in kun ji da farar ƙasa suke yaƙin darɓa? Wannan ƙwarƙwatar ganyen fulam tana da wata ɗabi'a. Ƙwanta na kwana a kan rassa duk hunturu, ya ƙyanƙyashe da wuri tun toho na fitowa, ta tsotsi sabon ganye ya nannaɗe, ta ɓuya a ciki inda feshi ba ya kai. Wajen Mayu da Yuni ta yi fikafikai ta bar bishiyar ta koma kan ciyayi da ganyayen ƙasa. Manomin da ya ga ganye a murɗe a Yuni ya zabura ya fesa, ya fesa ne bayan mai ɓarna ta yi ƙaura. Sai kaka, wajen Oktoba, take dawowa ta saka ƙwan baɗi. Nan ake tare ta. A dama farar ƙasa mai laushi a ruwa a fesa, bishiya ta yi fari fat, mai dawowa ta kasa gane masaukinta, wadda ta sauka kuma wurin bai yi mata daɗin zama ba. Masu binciken noma na gwamnatin Amurka ne suka gyara wannan dabara a shekarun 1990. Aibinta, ruwan sama na wanke ta, sai an maimaita. A ƙarshen hunturu kuma akan fesa farin mai, wanda ba guba ba ne, toshe numfashin ƙwai da ƙwaro mai ɓawo kawai yake yi.

Sauran aikin masu cin darɓar ne ke yi, in an bar su da rai: ɗan jan buzuzu mai ɗigo-ɗigon baƙi, wanda tsutsarsa ke lamushe ɗaruruwa kafin ta girma, da wani ƙuda mai zanen zuma, da ƙananan zanzaro masu saka ƙwai a cikin jikinta. Manyan ƙudan da na zanzaron da ruwan fure suke rayuwa, shi ya sa za ka ga an bar layin furanni a tsakanin bishiyoyi ko a bakin shinge. Baba zai ce lalaci ne ya hana a nome. Ana kuma rataya wa tsuntsaye da jemagu akwatunan kwana. A Holan an gwada a lambunan tuffa, binciken Mols da Visser na 2002 ya nuna inda wani ɗan tsuntsu mai cin tsutsa ya yi sheƙa ɓarna ta ragu. Ragewa fa na ce, Baba, ban ce tsuntsu ya gama aikin ba.

Akwai wani ƙwaro kuma, dangin zanzaro amma ba ya harbi, mai saka ƙwai a gindin fure. Tsutsarsa guda takan bi ƙananan 'ya'ya 4 ko 5 ta ɓata. Da yake farin fure yake bi, sai a rataya fararen alluna masu danƙo lokacin huda, a ga ko ya zo da yawa. Shekarar da itace ya ɗauka fiye da ƙima, abin da ya zubar ma rage wa itacen kaya ya yi, sauran su fi girma. Shekarar da huda ta yi ƙaranci ce ake tashi a kansa. Ƙwaro ɗaya, bana a ƙyale shi, baɗi a yaƙe shi. Mai kalanda ba shi da wannan zaɓi.

Kalifoniya ma ta sha nata darasin. Fulam ɗin Agen ne aka kai can a 1856 ta hannun wasu 'yan uwa masu suna Pellier, har jihar ta zama babbar mai noman sa a duniya. Al'adar manoman can a da ita ce kowane hunturu a fesa wa bishiyoyi diyazinon da mai, ko an ga ƙwaro ko ba a gani ba. A farkon shekarun 1990 masu auna ruwa suka gano duk sanda aka yi ruwan sama bayan feshin, maganin na gangarawa kogin Sacramento har ya kai yawan da ke kashe ƙananan halittun da kifi ke ci. Daga nan jami'ar jihar da manoma suka fito da tsarin yanko 'yan rassa 100 daga lambu a hunturu, a duba da gilashin ƙara girma. In akwai ƙwan darɓa ko ƙwaro mai ɓawo da ya kai a damu, a fesa. In babu, a bar tarakta a rumfa.

Kai kuma ɗan boko da ke ta gyaɗa kai tun ɗazu kana cewa a hana feshi kwata-kwata, zo nan, ba ka tsira ba. Ka taɓa zama da bashin banki a wuya kana kallon 'ya'yan itacenka na zuba? Maganin da ake yi da ƙwayar cutar Bt, wanda kuke yabo, sai tsutsa ta ci shi yake aiki, tsutsar fulam kuwa cizo kaɗan take yi ta shige, don haka ƙarfinsa a kanta ragagge ne. A lambunan tuffa na Jamus da Faransa da aka dogara da wata ƙwayar cuta mai kashe tsutsar tuffa, wajen 2005 aka tarar tsutsar ta saba da ita. Ashe ko na halitta ne, in aka matsa masa shi kaɗai, ƙwaro na koyon zama da shi. Ga kuma cutar sharka, wadda aka fara gani a Bulgeriya lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, mai ɓata 'ya'yan fulam ta zubar da su. Darɓa ce ke yaɗa ta, cikin 'yan daƙiƙu da ɗanɗana ganye, kafin kowane magani ya kashe ta. A nan mai famfo da mai fure duk hannu suke ɗagawa. Abin yi kawai a bi lambu a duba, bishiyar da ta kamu a tumɓuke. Amurka ta gan ta a 1999, ta yi ta tumɓuke lambuna, sai 2019 ta ce ta rabu da ita.

Yawwa Alhaji, ga wurin dariyar da na yi maka alkawari. A 2008 gwamnatin Faransa ta ƙaddamar da shiri mai suna Ecophyto, wai cikin shekara 10 za a rage maganin feshi a ƙasar da rabi. Aka zuba kuɗi, aka kafa gonakin gwaji, aka riƙa fitar da sanarwar tashin ƙwari kyauta ga manoman kowane yanki. Shekara 10 ta cika, maimakon ragi sai ƙari. Tun 2015 ma an ga ba za a kai ba, aka ɗage wa'adi zuwa 2025. A Janairun 2024 manoma suka tare manyan hanyoyi da taraktoci, a garin Agen ɗin nan kansa suka juye taki a ƙofar ofishin wakilin gwamnati, a Fabrairu firaministan lokacin Gabriel Attal ya ce a dakatar da shirin tukuna, daga baya aka sake masa wa'adi zuwa 2030. Yi dariyarka, ka ci. Amma ka lura da abin da ya faɗi: alkawarin 'yan siyasa ne na rabi a faɗin ƙasa, da alkama da inabi da komai a ciki. Manoman da suka shiga gonakin gwajin, masu malamin gona a kusa, da yawansu sun rage, kuma ba su talauce ba. Fushin sauran kuwa yana da tushe: a hana ka magani, a bar kayan ƙasar da ba a hana ba su shigo kasuwarka da arha.

Hajiya, ke ma ba a manta da ke ba, don rabin laifin naki ne. Ke ce mai cewa ba kya son abincin da aka fesa wa guba. Ke ce kuma in kika ɓare ɗan itace guda kika ga tsutsa, sai mai tebur ya ji a jikinsa, har unguwa ta san an cuce ki. Matan Turai ma haka suke, masana'antar busarwa kuma tana rage wa manomi kuɗi gwargwadon tabon da ta gani a kayansa. Mutum na tsakanin mai saye da ba ta yafe tabo guda da mai saye da ba ta yafe feshi, kuma mace ɗaya ce. Wani feshin ba don tsutsa ake yin sa ba, don idonki ne.

Na san tambayar da ta rage: mu da ba mu da fulam, me ya yi mana zafi? Tambayi masu fitar da wake. A 2015 Tarayyar Turai ta rufe ƙofa ga busasshen waken Najeriya saboda ragowar dikilobos, sinadarin fiya-fiya da ake zuba wa wake a ajiya, ya ninka abin da suka yarda da shi sau da yawa. Ma'aunin da ke sa manomin Agen ya ƙirga feshinsa shi ne ya dawo mana da wakenmu, mu kuma muka dafa muka ci. Kada kuma a ce dabarar sai Bature. A yankin Maraɗi masu binciken noma na Nijar sun daɗe suna rataya 'yan jakunkunan algarara a ƙauyuka, da ɗan zanzaro a ciki mai suna Habrobracon hebetor, ya hayayyafa ya fita ya bi tsutsar murzuna da ke cin zangarniyar gero. Babu famfo, babu wari. Baba, wannan kam ba daga Faransa aka kawo muku labarinsa ba.

Mangwaronka da tumatirinka, Alhaji, ƙwarinsu daban, robar Agen ba za ta yi musu komai ba, kada gobe wani ya zo maka da igiya ya ce daga Turai take ka zaro kuɗi. Abin da za ka saya littafi ne da biro. Bana, kafin kowane feshi, ka daure ka shiga gonar da kanka, ko ka tura yaron da ba ya ƙarya, a duba shuka a kusurwa huɗu da tsakiya, a rubuta wane ƙwaro aka gani, nawa ne, akwai masu cin sa ko babu. Wanda ba ka gane ba ka kai wa malamin gona kafin ka kai wa mai shago. Ka bar kunya biyu-uku ba feshi don ka ga bambanci. In kaka ta yi ka tara kuɗin maganin bana ka gwada da na bara, ka auna amfanin da ka ɗauka. In lissafin ya ƙaryata ni ka aiko da shi, a wannan fili za a buga yadda ka rubuta, ba za a taɓa maka ko sifili guda ba.